Kanta Mai Gangare

Tun da babur ya kayar da Malam Yahuza a hanyar Saulawa, gwiwarsa ta hagu ta ƙi komawa daidai, ɗansa Mu'awiyya ya hana shi riƙe fartanya. Ya ɗauko shi ya kawo shi Ikara, ya ba shi ɗaki a gidansa, ya ajiye masa kujera a shagonsa na kayan masarufi da ke kusa da tasha. Ya ce ya zauna ya huta, noman da ya yi a baya ya isa.

Amma wanda ya tsufa yana riga rana isa gona bai iya zama ba. Ba a daɗe ba ya samo wa kansa aiki. Duk lokacin da aka sayi gwangwanin madara ko na tumatir, sai gurbi ya buɗe a gaban kanta, sauran kayan su maƙale can ƙurya inda ido ba ya kaiwa. Sai Malam Yahuza ya dogara sandarsa ya miƙe, ya zura hannu ya jawo na baya, ya juya fuskar kowane gwangwani ta kalli ƙofa, ya bi shi da tsumma. Haka yake wuni, daga madara zuwa kifin gwangwani, daga nan zuwa lemo. In yamma ta yi ƙafar ta kumbura, amma yakan ci tuwonsa da daɗi.

Kumburin nan shi ke damun Mu'awiyya. Ya yi magana har ya gaji. Wata rana ya je Zariya saro kaya, ya shiga wani babban kanti, ya ɗauki lemon gwangwani ɗaya, sai ya ga na bayansa ya gangaro da kansa ya cike gurbin. Ya sake ɗaukar wani, wani ya sake gangarowa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga ba inji ba ne, ba lantarki ba, kantar ce kawai aka ɗaga bayanta ya fi gabanta. Ya ɗauki hotonta a waya. Daga mota bai biya gida ba, ya zarce wajen Bilya mai walda.

Bilya ya yi aiki mai kyau. Kowane hawa farantin ƙarfe ne mai santsi da aka ɗora a karkace, an raba shi layi-layi, a bakinsa an sa ɗan tokari don kada kaya su zubo. Ta baya ake zuba kaya, don haka wanda ya riga zuwa shi ke riga fita, babu sauran gwangwanin da zai lalace a lungu. Ranar da aka kafa ta, 'yan acaɓa suka riƙa shigowa sayen lemo don kawai su ga gangarowar. Malam Yahuza ma ya gwada, ya yi dariya, ya ce hikimar ɗan Adam sai Allah da ya ba shi.

"To Baba, yanzu sai ka huta," in ji Mu'awiyya. "Kanta za ta yi aikinta."

Washegari tsohon ya zauna a kujerarsa, tsummansa a kafaɗa. Wata mata ta sayi madara, ya yunƙura zai tashi, kafin ya kama sanda sai ya ji ƙwas, gwangwani ya riga ya sauko. Ya koma ya zauna. Haka aka yi ta yi har azahar.

Daga nan zama ya gagare shi. Ya share ƙofar shago, ya dawo ya sake share ta. Ya matsar da kujerarsa waje, rana ta kore shi, ya mayar da ita ciki. Ya je wajen mai shayi ya tsoma baki a gardamar da ba tasa ba, ya dawo ransa a ɓace. Ya kwance buhun sukari da aka ɗaure lafiya ƙalau ya sake ɗaure shi. Carbinsa ma sai ya ja rabi ya tsaya, kunnensa na can wajen kantar. A gida aka fara mayar da tuwonsa kusan yadda aka kai shi, kuma ya zama mai saurin faɗa, abin da ba halinsa ba. Mu'awiyya ya ɗauka ciwon ƙafar ne, ya sayo man zafi.

Bayan kwanaki sai hawan madara ya daina gangarowa. A ɗauki na gaba, na baya ya tsaya cak. Malam Yahuza ya tashi ya jawo shi. Can kuma hawan tumatir ya bi sahu, sannan na lemo. Mu'awiyya ya goge farantan, har mai ya shafa musu, a banza. Ransa ya ɓaci, ya kira Bilya a waya ya ce ƙarfensa ya lanƙwashe, ya zo ya ga aikinsa.

Bilya ya zo da guduma a hannu, ya gaida Malam Yahuza har ƙasa, ya tambayi ƙafa, sannan ya sa kai ƙarƙashin kantar. Ya daɗe a can. Da ya fito bai buga komai ba. Ya ja Mu'awiyya waje, ya buɗe tafinsa: guntayen kwalin sabulu ne, an naɗe su tsaf, an cusa su ƙarƙashin bakin kowane faranti har gaban ya yi daidai da bayan. Ya ce ƙarfe dai lafiyarsa lau, shi kuma bai ga komai ba. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Mu'awiyya ya tsaya a rana da kwalin a hannu. Da farko haushi ya ji, sai kuma kunya ta rufe shi, bai san ta wa ba. Ya zagaya bayan shago ya dawo, ya sake zagayawa. Da ya shiga, ya tarar mahaifinsa yana goge gwangwanin da ba shi da ƙura. Ya durƙusa kusa da kujerar, ya ce in Baba yana so, gobe a cire kantar a mayar da ta katako.

Malam Yahuza ya ninke tsumman ya ɗora a cinya.

"A'a. Abu mai kyau ka yi, kada ka ɓata shi saboda ni. Ni ne dai ban dace da kujera ba." Ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. "Ruwa ya kusa. Ka mayar da ni Saulawa."

Mu'awiyya ya kawo zancen gwiwa, ya kawo zancen abin da mutane za su ce, wai ya kasa riƙe ubansa. Tsohon ya saurare shi har ya gama, ya ce ya ji, amma shawara ya riga ya yanke. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa zai zauna gidan ƙanensa Ɗayyabu, ba zai yi huɗa ba, ba zai je babbar gona ba, sai ɗan filin bayan gida, ya sa kuɓewa da barkono.

Bayan tafiyarsa ciniki ya ci gaba, har masu shaguna daga Maƙarfi suka zo suna tambayar inda Bilya yake. Sai dai Mu'awiyya ya kasa sakewa. Yana ba da canji yana duba waya. In ya kira mahaifinsa aka ɗauka, ya ce me ya sa muryar ta yi ƙasa. In ba a ɗauka ba, ya fita ƙofa ya dawo.

Wata Talata ya kira, Baffa Ɗayyabu ya amsa, ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce yayan nasa ya bar wayar a gida, tun da safe ya nufi babbar gona, kuma shi bai isa ya hana shi ba. Mu'awiyya ya ja ƙofar shago ana tsakiyar ciniki, ya tari ɗan acaɓa.

Ya same shi tsakiyar masara, zaune a kan kifaffen bokiti, ƙafar mai ciwo a miƙe, yana cire ciyawa da hannu. In ya gama inda hannunsa ya kai, sai ya ja bokitin gaba kaɗan. Gwiwar ta kumbura, gumi ya jiƙa rigarsa. Mu'awiyya ya bar duk faɗan da ya shiryo a hanya, ya gaishe shi kawai.

Malam Yahuza ya amsa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya nuna masa kunyar da ke gefensa.

"Tunda ka zo, kama wannan. Ka kula da saiwa, masarar ba ta yi ƙwari ba."

Mu'awiyya ya cire takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya sunkuya.