Goruna Goma Sha Biyu a Rana

Kwana tara ke nan 'yata Auta tana gudawa, ni kuwa kwana tara ban zauna wuri ɗaya ba. A shagon ɗinki sai in taka keke in tsaya, in leƙa titi, in dawo in warware abin da na ɗinka. Hankalina yana gida, ƙafata ce kawai a kan keke.

Duba-gari ne ya gano tushen abin. Ya ɗebi ruwan rijiyarmu a kwalba, ya dawo ya ce masai na maƙwabta ne ya tsiyaye cikinta tun ruwan saman da aka tafka. Ya ba ni ƙwayar kulorin in jefa a ruwan sha. Auta na jin warin ta amayar har da abin da ba ta ci ba. Baba kuwa, mahaifina, ya ture kofin ya ce shi ba zai sha ruwan wanke asibiti ba. Da hannunsa ya haƙa rijiyar nan kafin a haife ni, kuma shekara arba'in ya yi yana haƙa wa mutane. Wanda ya zagi rijiyar, shi ya zaga.

"To, akwai wata hanya," in ji duba-gari. "Tafasawa ta fi, sai dai gawayi ba zai ishe ki kullum ba. Ki tace da farin ƙyalle mai tsafta, ki zuba a gorar roba garau wadda ake ganin cikinta. Ki kwantar a kan kwanon rufi, rana ta doke shi awa shida cur. In da hadari, kwana biyu."

Na samo falle ɗaya na kwano na ɗora a kan bulo a tsakar gida. Kullum da safe in tafasa wa Auta na haɗin gishiri da sukari, in jera goruna goma sha biyu, in bar ta a hannun Baba in tafi. Da la'asar in dawo in tarar da su a jere yadda na bar su.

Amma yarinya ba ta tsaya ba. Ta ɗan yi dama-dama yau, gobe ta koma. Idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Na zargi ƙyallen, na canja. Na zargi gorunan, na wanke su har yatsuna suka yi fari. Na tsine wa duba-gari a zuciyata, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba.

Rannan da azahar na kasa daurewa. Na bar allura a cikin zane, na rufe shago na taho gida.

Kwanon wayam, ba gora ko ɗaya. Can gindin mangwaro na hango su a jere cikin inuwa, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, Baba na tsugune yana yayyafa musu ruwa.

"Baba! Me kake yi haka?"

Ko gezau bai yi ba. "Sanyaya su nake. Kafin ki dawo ai ina mayar miki da su, don kada ki yi ta faɗa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko mana. Ke, ruwa ba ya son rana, duk wanda ya taɓa shiga rami ya sani. Yarinya jikinta zafi rau, ki ɗura mata ruwan ɗumi? Ba a gabana ba."

Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba. "Ranar ce maganin! Sanyin nan naka shi ne zai kashe min ita!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin da Auta ke kwance, ya saki buhun. Magana zarar bunu ce. Na so in mayar da ita, ba hali. Ranar nan na tafasa ruwan duk gorunan da sauran gawayin da ke gidan.

Washegari ma na kasa zaman shago. Rana na tsaka na dawo.

Yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gefen kwanon, cikin rana tsirara, gumi ya jiƙa masa riga. Inuwar katanga ta fara lasar bakin kwanon, sai ya miƙe da ƙyar ya ja shi gaba, bulo da bulo. Moɗarsa da yake ɗanɗana ruwan rijiya da ita kowace safiya tana rataye a ƙusa, a bushe.

"Baba, ka shiga inuwa, don Allah."

"Saura awa ɗaya," ya ce, bai waiwayo ba.

Na zauna kusa da shi, muka gasu tare. Da lokaci ya cika ya ɗauki gora ɗaya, ya buɗe, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ba daɗi," ya ce. Ya miƙo min. "Tashi ki kai mata."