Baƙar Wayar da Ba Ta Zuwa Ko'ina

Ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, zafi ya kai inda ko ƙuda ba ya son tashi, Mai Jita ya banko labulen shagon yayansa, jita a hannun dama, ƙaramar amfilifaya, akwatin ƙara sauti, a hagu.

"Yaya, me ka yi wa kayana?"

Yayan mai gyaran rediyo ne, shekara ashirin ke nan yana kan bencin nan. Bai ko ɗago daga cikin rediyon da ya farke ba.

"Sallamar ma an daina yin ta?"

Mai Jita ya dire amfilifayar, ya jona ta da wuta, ya soka wayar jita. Nan take shagon ya cika da wani ƙugi mai kauri, kamar an rufe injin niƙa a cikin ɗaki. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya, da ƙyar aka ji ta.

Wata uku ke nan jitar tana ɗan wannan kukan, amma ƙasa-ƙasa. Oga, shugaban ƙungiyar kiɗansu, ya faɗa masa a gaban kowa cewa yau ƙarfe biyu za su shiga sutudiyo ɗaukar waƙa, kuma in jitar ta yi masa kuka ko sau ɗaya, akwai wani makaɗin da ya daɗe yana shawagi a bakin ƙofa, shi zai gaji gurbin. Shi ya sa Mai Jita ya sayo sababbin fikof guda uku, wato 'yan maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti, da sababbin maɓallan murya, ya kawo wa Yaya shekaranjiya. Da safen nan ya karɓa, sai da ya je gida ya gwada.

"Ka ji? Da can kuka take yi, yanzu ihu take yi!"

"Ni na auna da mita, komai daidai."

"Mita ce za ta saurari waƙar?"

"Wataƙila kayan da ka sayo ne jabu. Kai da ko batir ba ka iya sa wa tocila daidai, an ga fuskarka an cusa maka."

"Wallahi da mai facin keke na kai wa da ya fi! Sau nawa na ce maka jita ba rediyo ba ce? Ka ce waya waya ce. Kullum kai ka sani, kai ne babba. Shekara shida ina bin ƙungiyar nan, Yaya, ina ɗaukar musu sifika a ka kafin su bar ni in taɓa tsirkiya. Yau a kwana biyu ka gama da ni."

Sai a lokacin Yaya ya ture rediyon gefe.

"Kawo nan. Kuma ka rage murya, ba sa'anka kake yi wa ba."

Ya kwantar da jitar a kan benci, ya ɗaga tsirkiyoyin ya kwance farin murfin gaba. Gaskiya aikin ya yi kyau, kowace dalma tana sheƙi, wayoyin a jere kamar an taje su.

"Duba da idonka. Har datti na kwashe maka. Akwai wata baƙar waya da ta shige cikin katako, ba ta zuwa ko'ina, na datse ta. Katako yana shan wuta ne?"

Ya fara bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ƙugin yana ta yi. Mai Jita ya riƙe wuyan jitar, tafinsa a kan tsirkiyoyi, idonsa a kan agogon bango. Ɗaya da minti ashirin. Yaya ya ajiye sukundireba don ya share gumi, sai ta gangara ta kwanta, tsininta a jikin ƙarfen da ake soka waya, tsakiyarta a kan ƙarfen da ya riƙe tsirkiyoyin.

Ƙugin ya ɗauke ɗif.

Yaya ya ɗaga sukundirebar, ƙugi ya dawo. Ya mayar, ya ɗauke. Ya daɗe yana kallon ƙarfen nan. Sannan ya kifa jitar, ya kwance ƙaramin murfin baya wanda bai taɓa buɗewa ba. Ga sifirin guda uku, naɗaɗɗun ƙarafan nan masu miƙewa, maƙale da wani ƙarfe, ga guntun baƙar wayar a manne da shi. Ashe ta cikin katakon ta ratsa ta zo nan, ita ce ke kwashe ƙugin daga tsirkiyoyi.

"Ba ta zuwa ko'ina ko?" in ji Mai Jita. "To ga ko'inan."

Yaya ya yanko sabuwar waya, ya zira ta ramin. Ƙarfen bayan yana da kauri, dalma ta ƙi kama shi. Ya kankare, ya sake ɗorawa, ya danne bakin wayar a kan narkakkiyar dalmar da babban yatsa saboda sauri. Mai Jita ya ji ƙaurin fata, amma fuskar Yaya ko motsi.

"Faɗa mana, Yaya. Ka ce ni na ɓata. Bakinka ba zai tsage ba."

"Miƙo min murfin."

Biyu saura kwata wayar salular Mai Jita ta yi ƙara. Oga ne, muryarsa har waje ana ji.

"Kana ina? Mu mun haɗa kaya. Ga wancan yana saita tasa jitar. Ni na gaji da kai da uzurinka."

Yaya ya fizge wayar.

"Ranka ya daɗe, yayansa ne, mai gyara. Laifin ba nasa ba ne. Tun shekaranjiya ya kawo kaya masu kyau, ni na yanke wayar da bai kamata in yanke ba. Na gyara. Saurara."

Ya kara wayar a bakin amfilifaya, ya harari ƙanen.

"Kaɗa mana, ka tsaya kana kallona!"

Mai Jita ya kaɗa. Sautin ya fito tas, kowace tsirkiya da muryarta, kuma da ya tsaya sai shiru, shiru na gaske, har ana jin tafiyar agogo.

Sai muryar Oga ta fito daga wayar.

"Biyu da rabi. In ya ƙara minti ɗaya, kada ya zo."

Yaya ya ajiye wayar a kan benci, ya jawo rediyonsa da hannun hagu.

"To me kake jira? Ka cika min shago."

"Ga wani ka iya faɗa, ni ne ba ka iya faɗa wa."

"Fita, malam."

Mai Jita ya naɗe wayar jitar, ya saɓa jitar. Ya kai bakin labule, sai ya tsaya. Ya koma lungu wurin kular ruwa, ya ɗebo mai sanyi a kofi, ya dangwarar da shi kusa da hannun daman Yaya har ya ɗan fantsalo, ya fice.

Yaya bai ɗago ba. Sai da ƙarar takalmin ta yi nisa ya tsoma yatsan a ciki, ya ci gaba da leƙen cikin rediyo.