Ƙanin Wa?

"Sake karantawa," in ji Inna Luba. "Kunnena ne ya tsufa, ba hankalina ba."

Basiru ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Yana tsugune a bakin ɗakin, riƙe da salsalar gidansu, tsohuwar takardar ajami da ta yi ja don shekaru. A ciki Abdulkabir na kwance, numfashi da ƙyar, 'yarsa Khaulat na yi masa fifita. Shekara biyu ke nan da yaƙin Sudan ya koro su, suka iso ƙauyen nan na gefen Ɗanbatta da jaka ɗaya. Maganarsa dai ba ta canza ba: ubansa Abdussalam ɗan gidan nan ne, ya tafi Makka a ƙasa yana saurayi, Sudan ta riƙe shi har ya rasu. Gonar gado kuwa tana hannun Basiru. In dattijon nan ya cika ba a karɓe shi ba, Khaulat ba ta da ko taku ɗaya a garin.

"Inna, sau uku ke nan," in ji Basiru. "Babu wani Abdussalam. Kowa ya kwaso jaka daga gabas sai mu yanka masa gona?"

Abdulkabir ya yunƙura ya ɗaga kai. "Ba roƙo na zo ba, ya Basiru. Gidan ubana na dawo. Wallahi ko kabari ba zan shiga da sunan baƙo ba."

Ita Luba maƙwabciya ce kawai, katanga ɗaya ta raba su. Ba ta da gado a ciki, ba ta iya karatu ba, amma a shekara tamanin da ɗoriya wa za ta ji tsoro?

"Daga farko," ta ce. "A hankali, ba kora ake yi maka ba."

Dattawan da suka zo dubiya suka matso. Basiru ya karanta: "Waɗannan su ne 'ya'yan Malam. Sai ƙaninsa Zaharaddini, sai Safara'u, sai..."

"Tsaya! Sai wa?"

"Ƙaninsa Zaharaddini. Babana ke nan."

"Ƙanin wa? Ƙanin iska?"

Luba ta fizgi takardar ta kai ta dab da ido. Kafin sunan farko akwai fili fari tas, faɗin yatsa biyu.

"Kai, 'ya'yan zamani! Kakanku ne fa ya rubuta wannan da hannunsa. Malam ne zai kama sunan ɗan farinsa? Ina yarinya ni ke kai masa fura, ban taɓa jin ya ce Abdussalam ba. 'Wancan yaron', shi ke nan. Abin da baki ya ji kunyar faɗa, alƙalami ne zai faɗa? Ga wurinsa nan ya bar masa."

"Fili ba suna ba ne, Inna."

"To sayar da kunyar kakanka ka ci gona. Ga mutane dai sun ji."

Abdulkabir ya miƙo hannu. Khaulat ta karɓi takardar ta ɗora yatsansa a kan filin. "Ga shi nan, Baba." Ya daɗe bai ɗauke ba. Kafin la'asar ya cika.

Luba ta yi kuka sosai, tana kuka tana faɗa. Basiru ya bi jana'iza, ya koma gida abinsa, ita kuwa ta rantse sai ta kai shi gaban dagaci, ko da rarrafe za ta je.

Washegarin sadakar uku aka yi ruwa da asuba. Ta fito neman akuyarta da ta tsinke, sai ta hango Basiru a tsakiyar gonar, shi kaɗai, wando a nannaɗe, yana dasa gambar iyaka daga gindin tsamiya ya nufi hanya, yana ware kason Khaulat. Bai ɗago ba. Ita ma ba ta ce masa sannu ba.