Tukunya Ba Gida Ba

"Malama, aje takardar nan ki riƙa min ledar ruwa. Ɗaga ta sama."

Priscilla Isuwa ko sallama ba ta gama ba ta tsinci kanta tsaye a kan wata mata mai naƙuda da ke kwance bisa tabarma, hannunta ɗaya a sama da ledar ƙarin ruwa. Gadaje uku ne a ƙaramin asibitin Tungar Abbas, duka da mutane a kai. Ummu Hani, ma'aikaciyar jinya guda tilo a wurin, ta durƙusa tana aiki ba ta ko ɗago kai.

Minti ashirin, jariri ya tsala kuka. Sai a lokacin Ummu Hani ta wanke hannu ta ɗauki takardar da Priscilla ta kawo daga sashen tsare-tsare a Birnin Kebbi. Ta karanta sau biyu.

"Za a ruhe mu, a maida mu Argungu?"

"Haɗewa ce. Kasafin baɗi ba zai ɗauki kowane asibiti ba. Duk garin da bai kai mutum dubu uku ba..."

"Da damina kin taɓa zuwa nan? Fadama na cika, sai da kwalekwale. Wagga da kika gani yanzu, cikin ruwa za ta haihu ke nan."

Priscilla ta leƙa waje. Mata sun cika inuwar dogonyaro, goyo a baya, wani a hannu, layi har bakin rijiya.

"Waɗannan duk daga ƙauyukan kewaye suke?"

"Wane kewaye? Duk 'yan nan ne."

"Ai ba zai yiwu ba. Gida ɗari da arba'in ne garin. Mutum shida a kowane gida, ɗari takwas da arba'in ke nan."

Wani dattijo da ke zaune a benci ya yi dariya har da tari. Maigari Tamba ne, ya zo duba jikarsa.

"Ɗiyata, gidan wa ad da mutum shidda? Taho ki gani."

Gidansa na bayan asibitin. Zaure ɗaya ne, amma da suka shige sai ta ga sassa kamar unguwa: na ƙannensa, na 'ya'yansa, na 'ya'yan ƙannensa. Hayaƙi na tashi a wuri goma sha ɗaya.

"Takardar ƙidayar da kunka aiko muna ta ce gida nawa, munka ce ɗari da arba'in. Ba mu yi ƙarya ba. Da kun ce tukunya nawa, da mun gaya muku. Kowane magidanci da tukunyatai."

 Priscilla ce ta fassara takardar ƙidayar nan da hannunta daga Turanci, wata huɗu da suka wuce. A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi aka haife ta, a ɗaki biyu na haya. Gida a wurinta uba ne da uwa da yara huɗu. Har yaba mata aka yi a ofis, wai Hausarta ta fi ta 'yan gari.

Ta duba agogo. Goma da kwata. Ƙarfe ɗaya za a kai kundin kasafi wurin bugawa, daga nan sai majalisa.

"Akwai inda aka rubuta yawan tukwanen?"

Maigari ya maido ta asibitin. Ummu Hani ta jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango. "Rabon gidan sauro na bana. Tukunya-tukunya munka raba, kowa ya dangwala. Ɗari shidda da sha biyu."

Priscilla ta buga a waya. Dubu uku da ɗari shida da saba'in da biyu.

"Ara mini."

"In ya ɓace, ni za a kora."

"In bai je ba, ba inda za a kore ki daga shi."

Direban ofis da ya kawo ta ya taka mota. A Argungu wata tirela mai lodin shinkafa ta gitta a hanya ta ci musu minti ashirin da biyar. Priscilla ta kira Darakta sau huɗu, bai ɗauka ba. Sha biyu da rabi ta gota lokacin da ta haye benen ofis, littafin a ƙirjinta.

Alhaji Abdussamadu, Daraktan kasafi, yana tsaye a kan mai buga na'ura, hula a ƙeya.

"Ranka ya daɗe, a dakata da shafin lafiya. Akwai kuskure a Tungar Abbas."

"Priscilla, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ta buɗe littafin a gabansa ta yi bayani a gurguje. Ya bi layin dangwalen da yatsa, shafi bayan shafi. Shi ɗan ƙauye ne. Bai buƙaci ta maimaita ba.

"Wa ya rubuta gida a takardar?"

"Ni ce."

Mai buga na'ura ya tsaya da aiki. Alhaji ya ja ta gefe ya rage murya.

"Ke kin san abin da kike nema? Kuɗin bara ne a hannuna, mutanen bana. Kullum gari ya waye an ƙaru, asusu bai ƙaru ba. Albashi ya kwashe nashi, taki ya kwashe, tsaro ya kwashe. In na maido asibitin, sai na zare wani."

Ta ɗora yatsa a kan wani layi na kundin kasafin: ƙawata shataletale.

"Wanga na da mai shi. Ɗauke hannunki."

"To wanne ne ba shi da mai shi?"

Ya juya shafi biyu ya nuna mata. Ƙarin azuzuwa huɗu a wata firamare ta Nasarawa. Ta san makarantar. 'Yarta Christabel tana aji uku a can, su ɗari da ashirin a ɗaki guda, a kan bulo take zama, littafi a cinya. Tun watan jiya Priscilla ta yi mata albishir ɗin sabon aji.

"Shi kaɗai na iya ɗagewa zuwa wata shekara. Kuma ba na taɓa komi sai da takarda mai sa hannunki, cewa kuskurenki ne. Ƙarin girman da kike jira, ki manta da shi bana. Ko kuma ki maida littahin nan inda kika ɗauko, ni ban gani ba, ke ba ki faɗi ba."

Ɗaya saura minti goma sha biyu. Ta tuna nauyin ledar ruwan a hannunta.

"A ba ni biro."

Layi huɗu ta rubuta, ta sa hannu. Alhaji ya karanta, ya dube ta, ya ce wa mai na'ura, "Maido Tungar Abbas. Cire azuzuwan."

Da kundin ya fita, ta zauna ta kira Ummu Hani. Kalma biyu ta iya faɗi: "An bari." Guɗa ta tashi a wayar. Priscilla ta kashe, tana tunanin abin da za ta ce wa Christabel.

Bayan la'asar tana haɗa jaka aka yi sallama. Wani dogon mutum ne da ba ta taɓa gani ba, busasshen laka a takalminsa, buhu a kafaɗa.

"Ke ce Malama mai ƙirgar tukunya? Maigari Tamba ya buga muna waya."

Ya sauke buhun a kan teburinta ya kwance bakinsa. Littattafai ne masu baƙin bango, sun kai goma.

"Na gabas da gulbi ne waɗanga. Masu kawo na yamma suna ƙasa, suna biyan mai Keke."

Priscilla ta dubi ƙofar Darakta. Garuruwa arba'in da shida aka aika wa takardar ƙidayar nan.