Ruwan Gindin Dam

"Ɗaga ta wajen taga," in ji Baba Mai Kwalba. "Sama kaɗan. Yauwa."

Na ɗaga kwalbar. Ruwa garau, ko ɗigon ƙasa babu. Auta, 'yarsa, tana tsaye bakin ƙofa da kofin maganinsa, sai ƙifta mini ido take yi kamar an ce mata zan manta.

"Ƙirga nawa ta cika?"

"Ashirin, Baba."

"Jiya fa?"

"Ashirin."

"Kwana uku ana sheƙa ruwa, amma ashirin." Ya miƙo hannu na ba shi. Ya cire murfin ya shinshina, ya manna kwalbar a kumatunsa, ya rufe ido. "Mai Ɗinki, ruwan da ya ratso ƙarƙashin dam sanyinsa har haƙori yake sara, kuma ƙarnin laka yake yi. Wannan warin roba gare shi. Na tankin gidanki ne."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Gida goma sha ɗaya ne a layinmu, duk a gindin dam. In ka tsaya a tsakar gidana sai ka ɗaga kai za ka ga saman bangon, tulin ƙasa ne kawai da ciyawa a jikinsa, ruwan da ke bayansa kuwa ya fi rufinmu tudu. Dam ɗin na mutum ɗaya ne, yana can birni, mu dai Mai Dam muke ce masa. Gidajen ma nasa ne. Maigidana shi ke ba kifinsa abinci, shi ya sa aka ba mu ɗaki biyu da tsakar gida.

Baba kuwa shekara talatin da wani abu yana kula da bangon nan. Kullum da safe sai ya gangara wajen wani ɗan bututu da ke gindinsa, ya tara kwalba yana ƙirgawa har ta cika, ya ɗaga ta a rana yana kallo kamar mai sayen turare. Mun sha tsokanarsa. Nakan ce, "Baba, yau ma ba ta zama man gyaɗa ba?" Sai ya yi dariya ya ce kowane dam na ƙasa yana yoyo, wannan ba komai ba ne. Ranar da yoyon ya fara fitowa da ƙasa, to bangon ne ke cin kansa daga ciki.

Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura suntum, ni ya miƙa wa kwalbar. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ya ce duk layin ni ce bakina ba ya iya riƙe magana. Ashe ya iya.

Ranar Litinin ƙirga tara kwalbar ta cika, ruwan kamar shayi da madara. Na taho a guje, Auta ta tare ni a ƙofar gida ta riƙe mini zane.

"Anti, don Allah don Annabi. Likita ya ce ko tashin hankali kaɗan zai iya tafiya da shi. Me zai iya yi daga kan gado? Ki gaya wa maigidanki kawai."

Na gaya masa. A gabana ya kira Mai Dam a waya, ina jin muryar mutumin tana fitowa: injiniya zai zo bayan damina, saura sati uku a kwashe kifi, kada wanda ya kuskura ya taɓa ƙofar ruwa. Dama tun bara Mai Dam ya sa wa sitiyarin buɗe ƙofar sarƙa da kwaɗo, bayan Baba ya rage ruwa wasu kifaye suka bi. Maigidana ya kashe waya ya ce, "Kin dai ji da kunnenki."

Kwana uku ke nan ina ɗebo ruwan gaskiya ina ɓoyewa bayan keken ɗinki, ina kai wa tsoho na tanki. Na ƙulle kayan yara a buhu na ajiye bakin ƙofa, amma ina za ni? Gidan na mutum, aikin na mutum, ruwan da ke saman kanmu ma nasa. Ina taka keke kunnena na kan bango. Rigar wata amarya har sau biyu na ɗinke mata hannu a baibai.

"Je ki kawo ta gaskiyar," in ji Baba.

Na kawo. Bai ma ce in ɗaga ta ba. Ya girgiza ta sau ɗaya, ya dubi yadda ta yi jawur.

"Nawa?"

"Yau shida."

"Sandar awon zurfin ruwa fa?"

"Ruwa ya rufe jan fentin alamar haɗari."

Auta ta fashe da kuka. "Baba, ni ce na sa ta. Kada ka ga laifinta."

"Na sani, Auta. Tsoro kika ji." Sai ya dafa gado zai tashi. Ya sauko da ƙafa ɗaya, numfashi ya sarƙe masa, muka taru muka mayar da shi kan filo. Ya daɗe yana haki yana kallon rufi. "Shekara talatin ina hawa bangon nan sau biyu a rana. Yau tsakar ɗaki ta gagare ni."

Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wata igiya, da ɗan makulli a jiki.

"Kwaɗon nan da makulli biyu ya zo. Ɗaya na manta ban mayar ba." Har da ɗan murmushinsa, tsohon nan! "Ki fara kwashe yara da tsofaffi zuwa tudun makaranta. Sannan ki juya sitiyarin hagu, zagaye uku, ki tsaya. Uku, Mai Ɗinki. In kika sake shi gaba ɗaya, ruwa zai sauka da sauri, bangon ya zabge ta ciki. Ruwan ya ragu taƙi ɗaya a yini ya isa."

"Baba, Mai Dam korar mu zai yi."

"Zai yi," in ji shi. Na ji haushinsa a lokacin, don na so ya ce mini ƙarya ko kaɗan ce, kamar yadda na yi masa.

Na bi gida-gida ina buga ƙofa. Matar mai gyaran babur ta ce in bari ta sauke tukunya, na ce ta sauke ta a tudu. Wani ya ce Baba ya fara ruɗewa ne, na nuna masa kwalbar, ya ɗauki uwarsa a baya ya nufi tudu.

A saman bangon na tarar da maigidana da bokitin abincin kifi. Ruwa ya cika maƙil, yana lasar ciyawa. Ya ga makullin a hannuna, ya ajiye bokitin.

"Ke! Kin san gidan wa muke ciki?"

"Na san ƙarƙashin me 'ya'yana suke kwana."

"In ya kore mu, ina za mu? Ki faɗa mini wurin, sai in matsa miki."

Na kewaye shi kawai. Kwaɗon ya buɗe ba gardama, amma sitiyarin ya yi tsatsa, shekara guda ba a taɓa shi ba. Na rataya a jikinsa da duk nauyina, ko gezau. Ina ja ina zagin ƙarfen, ina zagin Mai Dam da kifinsa, hawaye na zuba. Can na ji hannu a kafaɗata.

"Matsa," in ji maigidana, "kafin ki karya hannun da muke ci da shi."

Ya tofa yawu a tafinsa ya kama. Ƙarfen ya yi ƙara kamar ana yanka akuya, sannan ya saki. Ruwa ya ɓarke ta magudana da rugugi, fari fat, kifaye na walƙiya a ciki. Maigidana ya tsaya yana kallon aikinsa na shekara yana wucewa.

Rana ta ɗan karkata lokacin da na sauko. Na tarar da Auta zaune a dokin ƙofar ɗakin Baba, ta haɗa kai da gwiwa, ƙofar a rufe. Ban tambaya ba, na zauna kusa da ita.

"Ya ji ƙarar," in ji ta. "Ya ce in buɗe masa taga. Ya saurara, ya saurara, sai ya ce, 'Huɗu suka yi. Ki ce mata ta rage ɗaya.' Na juya zan ɗauko takalmi, da na waiwayo shi ke nan."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban shiga na gan shi ba tukuna. Na tashi na sake hawa bangon, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, na mayar da zagaye ɗayan.

Kwana tara ke nan. Bangon yana nan tsaye, ruwa ya sauka ƙasa da jan fenti. Mutane sun dawo gidajensu tun washegari, to ina za su? Mai Dam bai zo gaisuwa ba, direbansa ya aiko da sabon kwaɗo da saƙo cewa mu bar masa gida ƙarshen wata. Injiniya har yau shiru, damina kuma da saura. Buhun kayan yara yana nan bakin ƙofa, ban kwance ba.

Ba wanda ya sa ni, amma kullum da safe ina gangarawa wajen bututun. Yau goma sha huɗu na ƙirga. Na kai kwalbar ɗakin Baba, an naɗe katifar an jingine ta da bango. Na ajiye ta a kan taga, daidai inda yake cewa in ɗaga. Auta ta shigo ta tsaya a gefena, muna kallo har ruwan ya natsu, ƙasa ta kwanta a gindin kwalbar, kaurin farce.