Fatar Ƙofar Tirza

Warin fenti ne ya tari Tirza Belkin tun daga kan matakala. Ranar Laraba ce da azahar, ta dawo daga ɗakin gwaje-gwaje da yunwa, ba abin da ke ranta sai sauran taliyar jiya. Tana isa ƙofar ɗakinta ta ɗaga hannu kamar kullum don ta taɓa mezuza, ɗan kwanson ayoyin da Yahudawa ke kafawa a gefen ƙofa, ta sumbaci yatsunta, sai yatsun suka dawo da ɗanyen farin fenti. Babu komai a gefen ƙofar sai ramukan ƙusa biyu, su ma fentin ya kusa cike su.

Nusrat, wadda ɗakinta ke kallon nata, ita ta fito da waya a hannu ta nuna mata hoton da ta ɗauka da safe. Tambarin 'yan Nazi ne, ƙato, da baƙar tawada, ya cinye rabin ƙofar, a ƙarƙashinsa an rubuta wai ta koma inda ta fito. Tirza kuwa a nan ƙasar aka haife ta, a garin Toledo, tafiyar awa biyu a mota. A ƙasa ga kwanson mezuzar, an taka shi ya rabe biyu.

"Minti arba'in," in ji Nusrat tana gyara ɗankwalinta. "Famfon banɗakinmu wata uku yana yoyo ba wanda ya leƙo, amma fenti ya iso cikin minti arba'in. Yau ake zagayawa da iyayen sababbin ɗalibai, kin dai gane."

Mista Ortega, dattijon da ke kula da ginin, yana tsaye can gefe da gwangwanin fenti, kansa a ƙasa kamar shi ya yi laifin. Ya ce umarni aka ba shi daga sama. Amma kafin ya shafa, sai da ya tsince komai da hannunsa, ɓari biyu na kwanson da kuma 'yar naɗaɗɗiyar fatar da ta faɗo daga ciki. An taka ta, har da sawun takalmi a jikinta, amma ba ta yage ba. Ya ce shi bai iya karanta abin da ke ciki ba, amma ya san abin ibada in ya gani. Ya sa su a ambulan ya kai Ofishin Zaman Tare na jami'ar da ƙafarsa. Sai a lokacin Tirza ta sauke numfashi.

Don kwanson ba komai ba ne, roba ce ta kanti, irin wadda ake tarawa a kwando. Fatar ce magana. Ba ta kai tafin hannu ba, amma uban kakanta ne ya rubuta ayoyin Attaura a kanta da alƙalamin gashin tsuntsu, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Hangare, don sana'arsa ke nan. Da 'yan Nazi suka fara kwashe Yahudawan ƙauyen, matarsa ta ɗinke fatar a wuyan kwat ɗin ɗansu Lazar ta tura shi gidan wani manomi. Uban, uwar, ƙanne uku, babu wanda ya dawo, kuma babu kabarin ko ɗaya. Lazar ɗin nan shi ne kakan Tirza, wanda take kira Zaide, yanzu yana da shekara casa'in da ɗaya a gidan tsofaffi a Cleveland. A al'adarsu, fatar da ke ɗauke da sunan Allah in ta tsufa ba a yar da ita, binne ta ake yi a maƙabarta kamar mutum. Ranar da Tirza za ta tafi jami'a ya cire ta daga ƙofarsa ya damƙa mata.

"Aro na ba ki, Tirzale. Ranar da na tafi, ki ɗora min ita a ƙirji a rufe mu tare. Ko ba komai babana ya samu kabari."

Washegari ta tafi karɓo kayanta. Ofishin Zaman Tare kuwa wurin gani ne: kujeru masu laushi, kwalin tishu a kan kowane tebur, kwanon alewa, bango cike da hotunan hannuwa kala-kala sun riƙe juna. Mai ofishin, Dakta Marjorie Pruitt, mace ce mai taushin murya, in kana magana sai ta karkata kai gefe tana lumshe ido, ka rantse zuciyarta ce ke narkewa. Ta ce ranta ya yi matuƙar ɓaci. Ta ce jami'a tana tare da Tirza. Ta miƙa mata fom mai shafi huɗu da takardar ganin mai ba da shawara kan damuwa. Ambulan ɗin fa? Af, ai wannan ya zama shaida, yana cikin durowa a kulle, ba za a iya sakinsa ba sai kwamiti ya gama bincike.

Tirza ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce su riƙe kwanson har abada in suna so, fatar kawai take buƙata. Ta ba ta labarin ƙauyen, da wuyan kwat, da maganar kabari. Dakta Pruitt ta dafa ƙirji ta ce kai, wannan labari ne mai ratsa jiki, ya kamata wata rana Tirza ta ba da shi a taro. Alƙalami na hannunta, amma ko harafi ɗaya ba ta rubuta ba. Idonta ya leƙa agogon bango sau biyu, Tirza ta gani.

Daga nan aka shiga jeka-ka-dawo. Kwamiti bai zauna ba, shugabansa ya tafi taro. Kwamiti ya zauna, amma mutum ɗaya bai zo ba. Shugaban jami'a ya aika wa kowa doguwar wasiƙa, Nusrat ta karanta ta da ƙarfi a ɗakin cin abinci tana kwaikwayon muryarsa. Wai an samu wani abin takaici a wani gini, wai jami'a na Allah wadai da ƙiyayya kowace iri ce. Tun daga gaisuwa har sa hannu babu kalmar Bayahude, babu tambarin, babu ƙofar. In ba ka sani ba sai ka ce keke aka sace.

"Irin wadda suka rubuta bara ce, da aka fizge wa ƙawata Hiba mayafi a tashar bas," in ji Nusrat. "Wallahi kwanan wata kawai suka canza. Kin ci alewar kuwa? Ita ce kaɗai abin da za ki samu a ofishin nan."

Wanda ya yi abin ba ɓoyayye ba ne. Kyamarar gidan ta ɗauke shi sarai, ɗalibi ne a hawa na uku, duk ginin an san shi. Tun da yaƙi ya ɓarke can wata ƙasar da Tirza ba ta taɓa takawa ba, yake tsayawa a bakin ɗakin karatu yana tambayarta yara nawa ta kashe yau. Amma Dakta Pruitt ta ce doka ta hana ta faɗin sunansa ko abin da za a yi masa, don shi ma ɗalibi ne mai haƙƙi. Sai dai in Tirza ba ta jin daɗin zama a ginin, a shirye suke su mayar da ita wani gida a ɗaya gefen jami'ar, har da motar kwashe kaya. Ita za a kwashe ke nan! Shi kuwa kullum yana nan a ɗakin cin abinci, tebur biyu tsakaninsu, yana tauna dankalinsa hankali kwance. Tirza ta daina cin abinci a can.

Abin da ya fi cin ranta shi ne Juma'a. Kowace Juma'a kafin faɗuwar rana Zaide yakan kira ya yi mata barka da shiga Asabar, ranar hutun Yahudawa, ya yi ƙorafin miyar kazar gidan tsofaffi wadda ya ce ko kazar ba za ta gane kanta a ciki ba, ya tambaye ta ko ta samu saurayi likita. Daga ƙarshe sai ya ce, fatar tana nan a ƙofa? Juma'a biyar Tirza tana ce masa tana nan. Duk ranar da ta ajiye wayar sai ta ji ƙyamar kanta.

Ranar da haƙurin Nusrat ya ƙare, ta tura hoton ƙofar ga jaridar garin. Kai, ka ga aiki! Ofishin da ke ɗaukar kwana tara kafin ya amsa saƙo, ya kira Tirza sau uku kafin azahar. Kwamiti ya gama bincike a yini ɗaya. Aka sa Ranar Haɗin Kai, Alhamis mai zuwa, a babban zaure, kuma shugaban jami'a da kansa zai mayar mata da mezuzarta a gaban jama'a. Tirza ta ce ita ba ta son taro, su ba ta ambulan ɗinta kawai. Dakta Pruitt ta yi 'yar dariya ta ce ta yi haƙuri, akwai abin mamaki da suka shirya mata. Ta yarda ta je, don ba ta ga wata hanyar karɓo fatar ba.

Zauren ya cika, ga kofi ga donat ga masu ɗaukar hoto. Shugaban ya yi magana ta minti ashirin, yau kam bakinsa ya iya furta Bayahude, har sau bakwai, Nusrat ta ƙirga. Sannan ya buɗe wani akwati mai shimfiɗar shuɗin karammiski. Ga kwanson robar nan na kanti, an kai shi sashen zane-zane an liƙe shi da gam mai ruwan zinare, tsagar tana ta walƙiya. Ya ɗaga shi sama ya ce abin da ya fashe aka gyara ya fi sabo kyau, haka ita ma jami'ar. Aka yi tafi, wata a layin gaba har da share hawaye. Aka ce Tirza ta matso kusa da shi, ta ɗan ɗaga akwatin, ta yi murmushi.

Tana sauka daga dandamali ta juya kwanson ta sa farce ta ɓalle bayansa. Abin da ya zamo cikin tafinta fari ne fes, sumul, ba nauyi. Takarda ce ta injin buga takardu. Ta warware ta. Ga ayoyin nan baƙaƙe reras, a can ƙasa kuma da ƙananan haruffa ga sunan shafin intanet ɗin da aka ciro su.

Ta sami Dakta Pruitt a gaban teburin kofi.

"Dakta, ina fatar?"

"Au, tsohuwar?" Ta karkata kai. "Ai ta yi datti sosai, 'yata, har da sawun takalmi. Muka ga bai dace mu mayar miki da abin da zai riƙa tuna miki da ranar ba. Sakatarena ya samo irinta sak, na sa ya duba, kalmomin duk ɗaya ne."

"Na ce ina take."

Murmushin ya ɗan rage. Ta ce tana jin an haɗa ta da ambulan ɗin lokacin da aka share ofis, makon jiya, amma za ta bincika, kuma in Tirza na so akwai fom na kayan da suka ɓata. Tana faɗin haka tana miƙa mata hannu za ta dafa kafaɗarta. Tirza ta ja da baya kamar an miƙo mata tsumman goge ƙasa. Sau uku ta gaya wa matar nan labarin, sau uku tana dafa ƙirji, ashe ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Wanda ya taka fatar da takalmi ma ya san abin da yake takawa. Wannan kuwa cikin fara'a da tausayi ta jefa ta a shara.

Mista Ortega ya bar aikinsa ya raka ta bayan ginin ofisoshi. Ya buɗe manyan kwandunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya shiga na ƙarshen da ƙafafunsa yana tona jakunkuna, dattijo mai ciwon gwiwa. Babu. Ya ce motar shara Talata take zuwa, kuma ta zo sau biyu tun daga lokacin. Komai yana can jujin bayan gari, katafila ta bi ta kai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ranar Juma'a da la'asar wayar ta yi ƙara. Akwatin karammiskin na kan tebur, jaridar jami'a na gefensa da hotonta a shafin farko, tana murmushi kusa da shugaban. Zaide ya yi ƙorafin miya, ya tambayi saurayi likita. Da ya ce tana nan a ƙofa, Tirza ta kasa. Ta gaya masa an cire ta, an taka ta, kuma ba za ta dawo ba. Daga nan kuka ya ƙwace mata, ba ta kai ga maganar shara ba.

Tana jin numfashinsa da ƙarar talabijin ɗin ɗakin da ke kusa da nasa.

"To," ya ce a hankali. "Kar ki yi kuka, Tirzale. Ta tsufa dama, ta riga ni ne kawai. A ina suka binne ta?"

Tirza ta dubi akwatin, ta dubi hoton.

"Kina jina? Na ce wace maƙabarta ce, in sa mamanki ta kai ni ranar Lahadi. Ina so in ajiye ɗan dutse a kan babana, yadda muke yi wa mamatanmu."

Ta riƙe wayar da hannu biyu, bakinta a buɗe. Can ɗaya gefen tsohon yana jira, har ta ji yana ce wa ma'aikaciyar gidan ta miƙo masa biro da takarda zai rubuta adireshi.