Sunan da Kulu Ba Ta Faɗa

"Allah ya saka da alheri, Malama. Allah ya tashi kafaɗunki."

Kulu ta tsaya da tankaɗe, rariya a hannu, ta karkata kunne wajen katanga. Muryar baƙuwa ce, wadda ta ce tun sassafe ta baro Doguwa. Ta uku ke nan yau. Kulu ta ja tsaki ta ci gaba da aikinta, har gari yana zuba a gefen tabarma.

Malama Turai, maƙwabciyarta, ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare a nan Kiru. Da ta yi ritaya wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin raka iyayen yara masu nakasa makaranta. Ta san takardar da ake cikewa da ofishin da ake shiga, ta kuma san yadda ake zaunar da hedimasta har ya yarda a dawo da yaro layin gaba ko a ƙara masa lokaci ranar jarrabawa. Daga Bebeji ake zuwa, daga Tudun Wada ake zuwa. Ko yanzu da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ƙofar gidan ba ta rabo da takalman baƙi.

Abin da ke cin ran Kulu a gabanta yake zaune, yana tsince duwatsu a cikin wake. Husna, 'yarta ta fari, shekara tara. Sanƙarau ya tafi da jinta tana da shekara uku. An sa ta aji ɗaya, malamin ya ajiye ta can baya inda ba ta ganin bakinsa, bayan zango biyu ya ce a mayar da ita gida. Uban, Badamasi, direban tirela ne, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Ranar Alhamis za a rufe ɗaukar sababbin ɗalibai, baɗi kuwa yarinyar ta girmi aji ɗaya.

Shekara uku Kulu tana jira Malama ta leƙo ta ce, "Kawo ta." Katanga ɗaya ce tsakaninsu, gishiri ma ta kanta suke miƙa wa juna. Amma a ce ita Kulu ta buɗe baki ta roƙa wa 'yar fari alfarma? Ko sunanta ba ta taɓa furtawa ba. Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta, haka ake yi a gidansu. Ita kurumtar ma ta sauƙaƙa mata, kafaɗa kawai take taɓawa.

Ranar Litinin da hantsi ta dama kunun tsamiya ta shiga gaisuwa. Malama na kwance a kan katifa, ƙafafu sun kumbura, ta sa an jingina ta da filo. A gefenta wata matashiya ce daga Ɗansoshiya mai suna Bahijja, ɗanta gurgu a cinya.

"In ya ce babu gurbi, kada ki tashi," Malama take gaya mata. "Ki ce ya rubuta miki haka a takarda, ya sa hannu. Ba zai rubuta ba. Maimaita in ji."

Bahijja ta maimaita tana dariya. Kulu ta ji kishi ya taso mata. Wannan yarinyar da ko hanyar gidan sai da ta tambaya, ga ta ana ɗura mata abin da ita take ƙishirwa.

Da baƙuwar ta fita, Kulu ta ajiye kwanon da ɗan ƙarfi.

"Ya jikin, Malama?"

"Da sauƙi, Kulu. Sannu da wahala."

"Wahala ai taki ce. Na nesa dai su ke da rabo a gidan nan."

Malama ta daɗe tana kallonta. "Na kusa sun nema an hana su?"

"Sai an nema? Ba ki da ido ne?"

"Ina da shi. Na taɓa shiga wani gida ba a kira ni ba, uban ya raka ni da zagi har bakin titi, yaron kuma bai sake ganin aji ba. Tun ranar na daina. Ni ba na magana a madadin uwa, gefenta nake tsayawa. Zauna. Ɗauka ni ce hedimasta. Wa kika kawo?"

Kulu ta zauna a bakin katifa, tana murza gefen mayafi. "Yarinyar nan ce."

"Wace yarinya? Ina da yara ɗari huɗu."

"Haba Malama, kin fa san ta. A hannunki na yi wankan jegonta."

"Hedimasta bai san ta ba. Ya sunanta?"

Kulu ta kawar da kai. Ta miƙe. "Da Bahijja ce ai ba za ki tsare ta haka ba."

"Ki dawo Laraba," Malama ta ce da bayanta. "Ko a Keke Napep ne sai mu je."

Kulu ba ta juyo ba. Ranar Talata ta ji ana kiran ta ta kan katanga sau biyu, ta ƙara ƙarfin daka.

Laraba da safe kuka ya tashi a gidan Malama. Kafin azahar an kai Malama Turai makwancinta.

Tsakar gidan ta cika har zaure. Mata daga garuruwan da Kulu ba ta taɓa takawa ba, wata da yaro mai sanda, wata da makauniyar yarinya cikin kayan makaranta. Kowacce da abin faɗa. Wannan ta ce sau biyar suka je ofishin ilimi tare. Waccan ta ce Malama ta yini a tsaye a baranda sai da aka karɓi ɗanta. Kulu tana raba ruwa tana kuka, kuma ita kanta ta san rabin kukan na haushi ne. Duk sun samu, ita da ta fi kowa kusa ta tashi hannu wofi. Ta ji kunyar kanta, amma haushin bai tafi ba.

Alhamis ta yi wa yarinyar wanka, ta ɗaura mata ɗankwali, suka kama hanya su biyu. A ofis hedimasta bai ɗago daga rajista ba.

"Babu gurbi, Hajiya. Ga shi kin ce ba ta ji."

Kulu ba ta tashi daga benci ba. "To ka rubuta mini haka a takarda, ranka ya daɗe. Ka sa hannu."

Ya ɗago. Ya dube ta, ya dubi yarinyar. Sannan ya jawo rajistar, ya cire murfin biro.

"Sunanta?"

Kulu ta dubi gefenta na dama. Ba kowa sai kabad da tarin takardu.

"Husna," ta ce. Ta sake faɗa. "Husna Badamasi."

Biro ya fara tafiya a kan takarda. Yarinyar kuwa bakin uwarta take kallo, ido ko ƙiftawa babu. A hankali ta ɗaga yatsa ta ɗora a ƙirjinta, tana jira a sake.